Ƙafafun Baba Ya'u

Rahamatu ta haura shekara ashirin a gidan Baba Ya'u, amma da za a ce ta kwatanta fuskarsa sai ta yi jim. Ƙafafunsa ta sani. Ta san fason da ke duga-dugansa, ta san tabon da ke kan babban yatsansa na hagu, inda wuƙa ta taɓa suɓuce masa tun yana saurayi a mahauta. Idan ya yi gyaran murya zai shigo cikin gida, durƙusawa take yi, idonta a ƙasa, ta ce, "Sannu, Baba." Shi kuma ya amsa yana kallon bango. Haka ake yi tsakanin suruki da matar ɗansa, balle ɗan fari, wanda ko sunansa uban ba ya kamawa. Mijinta Sulaimanu ya yi furfura a gemu, amma a bakin mahaifinsa har yanzu "yaron nan" ne.

Baba Ya'u ya zo Bangui, babban birnin Afirka ta Tsakiya, yana ɗan yaro, a bayan shanun da mahaifinsa ya rako daga wajen Maraɗi. Uban ya koma, shi ya zauna. A kasuwar Kilomita Biyar, wadda kowa ke kira Sankilo, ya koyi fawa, a nan ya tsufa. Matan unguwannin Miskine da Yakité sun san teburinsa, don ba ya cusa wa mace ƙashi a ƙarƙashin tsoka. Da hannunsa ya fara rawa ya ajiye wuƙa, ya koma rumfar ƙofar gidansa. Abu ɗaya ne bai ajiye ba: ba ya cin abinci a ɗaki. A waje ake kai masa, a babban kwano, duk wanda ya zo wucewa a ce masa bismillah. Yakan ce shi bai taɓa ganin mahaucin da ya rufe ƙofa ya ci shi kaɗai ba.

Ita Rahamatu haifaffiyar Bangui ce. Mahaifinta Bahaushe, mahaifiyarta 'yar ƙasar ce, daga mutanen bakin kogi, da ta musulunta, don haka da Sango, yaren garin, ta fara magana. Ranar da aka kawo ta gidan ta ji wata tsohuwa tana cewa, "'Yar Sango ce, ina za ta san kunya?" Maganar ta zauna mata a rai. Ta koyi kunya wajen uwar mijinta, marigayiya Hureira, har ta fi 'ya'yan Hausawan kansu. Ba ta taɓa zama inda surukinta yake zaune ba, ba ta taɓa cin ko gyaɗa yana gani ba. A unguwa da ita ake ba amare misali.

Mutum ɗaya ce a gidan ta isa ta kalli tsohon ido cikin ido, wato Ikram, babbar 'yar Rahamatu. Jika ce, wasa ke tsakaninsu. Ita ke kai masa abinci, kuma kafin ta fita da babban kwanon takan shiga ɗakinsa da wani ɗan ƙarami, ta daɗe a ciki. Daga tsakar gida Rahamatu takan ji su.

"Tsoho, buɗe baki, ba na son miji mai tsurku."

"Amarya, wannan miyar ko ruwan wanki? Sakinki zan yi."

"Sake ni mana. Wa zai kwashe ka?"

Rahamatu takan yi murmushi ta ci gaba da aikinta. Ba ta taɓa tambayar abin da ake yi da ƙaramin turmin da Ikram ta ajiye a ɗakin kakan ba. Ta ɗauka na dakan goro ne.

A shekarar 1996 sojoji suka yi bore. Na farko ya zo ya wuce kamar hadarin da bai zubar ba. Na biyu ya zo da wasoso da ƙone-ƙone, aka fara jin labarin abin da masu bindiga ke yi wa 'yan mata a wasu unguwanni. Sulaimanu direban babbar mota ne a hanyar Kamaru, sai ya yanke shawarar kai Ikram wajen gwaggonta a bakin iyaka. Da ta je sallama, tsohon ya ce, "To, amarya ta yi yaji." Ikram ba ta rama ba. Ta fito tana share ido, ta ce wa uwarta, "Mama, ki riƙa sa masa ruwa a miya sosai." Rahamatu ta ce to. Ba ta ɗauki maganar da nauyi ba.

Ƙarshen shekara bore na uku ya tashi, Sulaimanu yana can wajen iyaka da kaya, hanya ta rufe. Gari ya rabu biyu, kowane ɓangare da shingensa. Shanu suka daina isowa. Teburan mahauta suka bushe, ƙudaje ma suka watse. Injin niƙa ya tsaya don babu wuta, icen girki ya zama abin nema. Rahamatu, da ƙannen Ikram biyu a gabanta, ta koma kan abin da ke samuwa: dafaffen rogo, gasasshiyar masara, da mangbere, curin rogon nan mai tauri da ake naɗewa a ganye. Ranar da aka yi sa'a a tuƙa gozo, tuwon rogo, da miyar ganye ba mai. Duk da haka kason Baba ne take fara ɗiba, kuma shi ne mafi yawa.

Rumfar kuwa ta cika. Mutanen da suka gudo daga unguwannin da ake harbi sun rakuɓe a gidajen 'yan uwa da harabar masallaci, kuma sun ji labarin akwai wani tsoho da ke cewa bismillah. Ga kuma Audi, tsohon tela, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya bambance haske da duhu. Rahamatu takan aika ƙaramin ɗanta ya ajiye kwanon ya dawo. Ta bayan katanga takan ji muryoyinsu.

"Sarkin Fawa," in ji Audi, "yau ma naman ya yi tafiya?"

"Ya tafi ɗinki wajenka. Ka ɓata shi kamar yadda ka ɓata mini rigar sallah."

"Rigar nan da kake sawa har yau?"

"Don ba ni da wata ne. Ku ci, bayin Allah, ku sa hannu. Ni na riga na taɓa a ciki."

Kwanon kullum wayam yake dawowa, a suɗe tas. Rahamatu takan duba ta ce alhamdu lillahi, ko ba komai Baba yana ci. Wani lokaci yaron ya dawo da saƙo cewa gobe kada a kawo na rana, Baba zai yi azumin nafila. Azumin ya yi ta yawaita. Ta ce a ranta, tsufa ya zo, mutum yana neman lahirarsa.

A ƙafa ta fara ganin canji. Wata safiya da ta durƙusa gaishe shi ta ga fason ya ɓace, fatar ta yi sumul tana ƙyalli, igiyar takalmin ta nutse a cikin nama. Da farko har ta ji daɗi, ta ɗauka hutu ne ya karɓe shi. Bayan ɗan lokaci takalmin ya daina shiga, ya koma taka shi ta baya. Tafiyar ma ta canja. Da can takunsa ɗai-ɗai ake ji, yanzu jan ƙafa yake yi, yana dafa bango. Butar alwala da yake ɗauka da yatsa biyu, sai ta ji yana jan ta a ƙasa. Masallacin Koudoukou, da bai taɓa fashin Juma'a a cikinsa ba, ya gagare shi zuwa.

Ta tambayi matan maƙwabta. Duk bakinsu ɗaya: kumburi ne, kuma mai kumburi ba a ba shi gishiri, ba a ba shi mai, ba wake, ba ƙwai, ba gyaɗa. Wata ta kawo saiwa a jiƙa masa. Rahamatu ta bi duk abin da aka ce. Ɗan ƙullin gyaɗar da take ɓoyewa don kununsa na safe ta daina sawa, ta koma dama masa farin kunun rogo tsararo. Wannan kunun shi kaɗai ne abin da yake sha a ɗakinsa, shi kaɗai ne abin da ba ya rabawa da kowa. Saiwar kuma ta sa shi gudawa. Kumburin ya haura har gwiwa.

Da aka sami lafawar harbi ta saka mayafi ta nufi Miskine, wajen Madam Selestin, ma'aikaciyar jinya ce da suka yi makarantar firamare tare. Asibitin da take aiki ya rufe, a barandar gidanta take duba mutane. Da Sango suka yi magana. Rahamatu ta kwatanta ƙafafun dalla-dalla, har yadda wurin ke lotsawa idan ya cire takalmi.

"Me yake ci?" in ji Selestin.

"Duk abin da muka ci. Nasa ma ya fi yawa. Kwanon ba ya dawowa da komai."

"Ba kwanon na tambaye ki ba. Ke kin ga yana ci?"

Selestin ba ta jira amsa ba, ta ci gaba.

"Fuskarsa fa? Ta faɗa? Cikin idonsa ja ne ko fari? Bakinsa akwai gyambo? Haƙora nawa suka rage masa?"

"Ban sani ba."

"Gidanku ɗaya?"

"Surukina ne, Selestin. Mu ba ma kallonsu."

Selestin ta ajiye abin da ke hannunta. "Ku da kunyarku. To, ji nan. Kumburi yana iya zama zuciya, yana iya zama ƙoda, ban gan shi ba, ba zan rantse ba. Amma tun da aka fara wannan masifa tsofaffin da ake kawo mini da irin ƙafar nan, yawancinsu yunwa ce. Rogo yana cika ciki, ba ya gina jiki. Jiki in ya rasa abin da zai riƙe shi, sai ya fara cin kansa, ruwa ya taru a ƙasa. Tsoho kuma ba ya kuka kamar yaro, shiru zai yi. Me kike ba shi da safe?"

Rahamatu ta faɗa mata, har da gyaɗar da ta cire da saiwar da ake jiƙawa. Selestin ta ce mata:

"Zubar da saiwar nan yau. Mayar da gyaɗar. Ƙwai in kin samu, wake ki dafa ya yi lugub ki murje, busasshen kifi ki daka ya zama gari. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kada ki ɗura masa lokaci guda. Da zan iya da na bi ki, amma kin san masu shingen can, sunana kawai za su gani a takarda su gane ƙabilata. Ke za ki duba shi. Kuma ki zauna har ki ga ya haɗiye."

Ta kama hanyar gida. Ta wuce gidaje da aka ɓalle wa ƙofofi, ta wuce shinge inda wani saurayi mai bindiga ya leƙa kwandonta ya ga ba komai ya kore ta da hannu. Duk ba wannan ke damunta ba. Tunanin ɗaga ido take yi.

Da ta iso, lokacin abincin rana ya yi. Ta aika da kwanon kamar kullum, amma wannan karon ta tsaya a zaure, ta leƙa ta tsagar ƙyaure. Maza shida ne a kan tabarma. Hannuwa suka shiga kwanon da sauri irin na masu jin yunwa. Hannun Baba Ya'u ya shiga a ƙarshe. Ya gutsuri ɗan rogo, ya kai ƙarƙashin hiramin da ya rufe bakinsa da shi, ya yi ta juya shi. Kafin ya gama da wannan lomar, an kai rabin kwano. Ya sake miƙa hannu, ya taɓa gefen kwanon kawai, ya janye, ya tura sauran gaban Audi.

"Ka ƙoshi ke nan, Sarkin Fawa?"

"Tun ɗazu. Ai ni na fi ku sauri."

Wuyan hannunsa bai fi kaurin muciya ba.

Ta koma madafa ta daka gyaɗa, ta dama kunu mai kauri, ta fasa ƙwai ɗaya da ta roƙa wajen maƙwabciya. Da ya shigo ɗakinsa bayan azahar, ta ɗauki kwanon da kanta. Ta yi sallama a bakin ƙofa. Ya amsa, yana jiran ta ajiye ta tafi. Ta cire takalmi ta shiga, ta zauna a ƙasa.

"Lafiya?" ya ce wa bango. "Wani abu ya sami yaron nan?"

"Lafiya lau, Baba."

Sai ta ɗaga kai.

Ya cire hiramin don zafi. Kumatun sun zurma, idanun sun faɗa can ciki, fatar goshi ta manne da ƙashi. Gefen bakinsa duk ya tsage. Mutumin da take ji ana cewa ƙato ne, wanda shi kaɗai yake kayar da sa, bai fi yaro ɗan kaciya cika riga ba. Ya ga ta gani. Ya lalubi hiramin, ya kasa kai shi baki.

"Uwar amarya," ya ce a hankali, "wannan ba tarbiyyar gidan nan ba ce."

"Na sani, Baba. A yi mini aikin gafara. Kunu na kawo."

"Ajiye. Zan sha."

"Zan jira kwanon."

Can nesa aka saki harbi, ya tsaya. Ya ce ba zai iya ci tana kallonsa ba, ko da yunwar za ta kashe shi. Ta juya masa baya, ta fuskanci ƙofa, amma ba ta tashi ba. An daɗe kafin ta ji ƙarar ludayi a jikin kwano. Ta ji ya kurɓa, ya tsaya yana numfashi, ya sake kurɓa. Daga baya ya fara magana, ba da ita ba, kamar da ɗakin yake yi.

"Haƙoran sun ƙare tun kafin rasuwar tsohuwar. Uku suka rage, su ma girgiɗi suke yi. Ita take daka mini nama. Da ta tafi, amarya ta karɓa. Ni na ce kada ta faɗa. Mahauci ba haƙori, ai abin dariya ne a Sankilo." Ya ɗan yi tari. "Mutanen nan kuma sun baro gidajensu. In zauna ina mamular loma ɗaya suna jirana? Ko in ce a kawo mini nawa a ɗaki?"

"Da an faɗa mini, Baba."

"Ta wace ƙofa?"

Da ta juyo, ya sha kusan rabi, ya jingina da bango idonsa a rufe.

Daga ranar haka suka riƙa yi. Babban kwano yana fita rumfa don kada a ce gidan ya canja hali, ita kuma tana shiga da ƙarami, ta zauna ta ba shi baya. Ta sayar da zannuwanta na aure ta nemo wake da busasshen kifi. Matan unguwa suka fara magana, wai an ga matar Sulaimanu tana zama a ɗakin surukinta, dama jinin uwa ba ya ɓuya. Ta ji, ta ci gaba da abinta. Kumburin ya ɗan sassauta. Wata rana har ya ce kunun ya yi gishiri, ta ji daɗin ƙorafin kamar an yi mata kyauta.

Amma jikin ya riga ya yi nisa. Tari ya kama shi, irin wanda da can zai yi kwana biyu ya wartsake, ya sauka a ƙirji ya ƙi tashi. Zazzaɓi ya biyo. Maganin da Selestin ta aiko bai yi komai ba. Ludayi uku, ludayi biyu, daga baya sai dai ta jiƙa masa leɓe. A kwanakin nan ba ta ƙara juya baya ba, shi ma bai ƙara cewa ta juya ba. Ya rasu da hantsi, ranar wata Laraba, Audi yana riƙe da hannunsa.

Waɗanda suka yi masa wanka sun fito ba mai kallon wani. Audi, da aka sa shi zuba ruwa don amincin da ke tsakaninsu, ya tsaya a zaure yana laluben sandarsa.

"Rahamatu," ya ce, "na taɓa haƙarƙarinsa. Ashe duk abincin nan ni nake ci?"

"Ba kai kaɗai ba ne, Baba Audi. Shi ya so haka."

"Yana ce mini ya fi mu sauri."

Aka kai shi da mutane kaɗan, ana sauri don a dawo kafin dokar hana fita.

Sai bayan da aka yi sulhu hanya ta buɗe Sulaimanu ya dawo, shi kaɗai, ya bar Ikram sai an ga yadda gari zai kasance. Labarin rasuwar ya riske shi tun a iyaka. Ya zauna a rumfa ya karɓi gaisuwa, kowa yana cewa tsufa ne, lokaci ne ya yi, Allah ya ba shi tsawon rai ya kuma cika da imani. Da mutane suka watse ya shigo, ya zauna a bakin ɗakin mahaifinsa, ya tambayi matarsa ciwon me ya yi.

"An ce kumburi da tari," in ji shi.

"Da su. Amma yunwa ce ta kashe shi."

Ya ɗago ya dube ta. "A gidan nan? Ba ki ba shi abinci ba ne?"

"Na ba shi. Kullum. Ban duba ko yana ci ba. Kai ka san ba shi da haƙora?"

Sulaimanu bai sani ba. Shi ma tun da ya yi wayo bai taɓa cin abinci a kwano ɗaya da mahaifinsa ba. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu.

"Kada ki sake faɗin wannan kalmar," ya ce. "Mutumin da ya ciyar da rabin Sankilo. Ko Ikram kada ta ji. Tsufa ne."

Rahamatu ta ce to. Ta tashi ta shiga madafa, don yara sun fara tambayar abincin rana.